Kafin Ki Yarda A Sayo Wa Yara Akwatin Wasan Kaɗa Hannu

 

Cikin makon jiya wata uwargida ta aiko mini da takarda. Ta ce yaranta uku sun hana ta sakat, ita da maigidanta, sai an sayo musu akwatin wasan nan da a ke haɗawa da talabijin, irin wanda mai wasa ya kan miƙe tsaye yana kaɗa hannu, hoton da ke cikin talabijin yana kwaikwayonsa. Wani mai sayar da kayan gwanjo ya gaya wa maigidan wai irin wannan shi ya fi alheri, domin yara za su riƙa motsa jiki maimakon su zauna wuri ɗaya kamar an dasa su. Ita kuwa hankalinta bai kwanta ba, gama kuɗin da za a kashe daga cikin abin da su ka tara ne domin makarantar babbar 'yarta. Ta roƙe ni in gaya mata gaskiya, ko abin yana da illa.

To, 'yar'uwa, yana da ita, har fiye da ɗaya. Ni kaina na yi wasan nan a gidan yayana lokacin hutu, sa'ad da na ke kwalejin horon malamai, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinsa. Amma mai talla ba ya faɗin aibin kayansa, saboda haka bari ni in faɗa.

Da farko ya kamata mu san inda abin ya fito. Wani kamfani na ƙasar Japan mai suna Nintendo shi ya fitar da akwatin da a ke kira Wii a ƙarshen shekarar 2006. Kafin wannan lokaci yawancin masu wasa da maɓallai su ke yi, watau a zauna a riƙe abin wasa da hannu biyu a yi ta dannawa da babban yatsa. Shi kuwa Wii sai ya zo da wata 'yar sanda mai kama da rimot ɗin talabijin. In kin kaɗa ta kamar mai buga ƙwallon tanis, sai mutumin da ke cikin talabijin ya buga. In kin kai naushi, shi ma ya kai. Mutane su ka yi ɗokinsa ƙwarai, har tsofaffin da ba su taɓa wasan bidiyo ba su ka shiga. An sayar da fiye da miliyan 100 a duniya. Da sauran kamfanoni su ka ga haka, sai su ma su ka biyo sawu a 2010. Kamfanin Sony ya yi PlayStation Move, sanda mai ƙwallon fitila a ka. Kamfanin Microsoft na Amurka kuma ya yi Kinect, wanda ba a riƙe kome a hannu, kyamara ce a ke ɗorawa kusa da talabijin tana kallon jikin mutum duka. An sayar da miliyan 8 na Kinect cikin kwana 60 na farko.

Illar da ta fara bayyana ita ce ɓarna a cikin ɗaki. Ku tuna mai wasa idonsa yana kan talabijin, hannunsa kuwa yana yawo da ƙarfi a sarari, ga tafin hannu ya jiƙe da gumi. Ba a yi wata guda da fitar Wii ba sai labari ya yi ta zuwa cewa sandar tana suɓucewa daga hannun mutane tana fasa gilashin talabijin, ko taga, ko fitila. An haɗa ta da wata 'yar igiya da a ke ɗaurawa a wuyan hannu, amma igiyar siririya ce, tana tsinkewa. A watan Disamba na 2006 kamfanin da kansa ya ce zai musanya wa mutane igiya kimanin miliyan 3.2 da wadda ta fi kauri. A 2007 kuma ya fara raba wata rigar roba mai laushi kyauta, domin a sa wa sandar, ko ta bugi wani abu ɓarnar ta yi sauƙi. Ku lura, wanda ya ƙera abu ba ya ɗaukar wannan asara sai ya ga dalili.

Igiya tana hana sanda tashi, amma ba ta hana hannu kai wa mutum duka. A gidan yayana na ga wannan da idona. Babban ɗansa yana tsakiyar wasan tanis, ya ja hannu baya zai buga, ashe ƙanwarsa mai shekara biyu ta taho ta bayansa tana neman uwarta. Sandar ta same ta a goshi. Allah ya kiyaye ba a ido ba ne, amma goshin ya kumbura kamar ƙwan zabo, ta kwana tana kuka. Yaron bai yi da gangan ba, bai ma san tana wurin ba. Tun daga ranar matar yayana ta kafa doka, ba a kunna abin sai an goya ƙaramar ko ta yi barci, kuma kun san yadda irin wannan doka ta kan ƙare a gida mai yara: kwana uku a ka bi ta.

Ga kuma maganar fili. Waɗanda su ka yi Kinect sun ce sai mai wasa ya tsaya kimanin ƙafa shida daga kyamara, in su biyu ne ƙafa takwas, kuma kada a bar tebur ko kujera a tsakani. Ke uwargida, dubi ɗakinki. Ga gado, ga kujeru, ga kabad ɗin kwanuka da tangaran da iyayenki su ka yi miki jere da su, ga fanka a sama tana juyawa. Ina za ki sami filin ƙafa takwas wanda ba kome a ciki? Hotunan talla su kan nuna wani makeken falo da mutum huɗu suna tsalle suna dariya. Ko a ƙasar Japan da Ingila, mutane da yawa masu ƙananan ɗakuna sun yi kukan cewa sai sun ja kujeru gefe kullum kafin su yi wasa. In kuwa a ka ce kullum sai an kwashe kaya an mai da, kun san wa zai yi aikin.

Yanzu sai mu zo ga jiki, wanda shi ne ya fi damuna. Mai buga ƙwallo na gaske, in ya kai hannu, ƙwallon yana tare bugun, nauyin abin bugawa kuma yana sa shi ya san iyakar ƙarfinsa. Sa'an nan in ƙwallo ya fita fili sai an je an ɗauko, a nan hannu ya kan huta. A wasan talabijin kuwa iska a ke duka. Ba abin da zai tare hannun, sai kafaɗa da gwiwar hannu su ne za su tsai da shi, kuma da an gama bugu ɗaya wani ya taho, ba hutu. Huhu bai gaji ba, ƙafa ba ta gaji ba, saboda haka mutum ba ya jin alamar ya isa haka, sai ya yi sa'a biyu ko uku yana maimaita motsi ɗaya. Washegari jijiya ta kumbura.

A 2007 wani saurayin likita a ƙasar Sifen, Julio Bonis, ya tashi da safe da ciwo mai tsanani a kafaɗarsa ta dama, alhali bai faɗi ba, bai ɗauki kaya ba. Da ya yi tunani sai ya tuna ya daɗe yana wasan tanis a Wii. Ya rubuta labarin a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, ya raɗa wa ciwon suna Wiiitis, watau ciwon Wii. Maganin da ya yi shi ne ƙwayar rage kumburi ta mako guda da barin wasan gaba ɗaya har ya warke. Bayansa likitoci a ƙasashe dabam dabam sun ba da labarin waɗanda su ka zo musu da gocewar ƙashin gwiwa, da targaɗe, da karaya, da yankan gilashi a hannu. A 2014 wasu likitocin ƙasar Holan su ka tattara irin waɗannan labarai, su ka ce yawancin raunukan ƙanana ne, masu tsanani kaɗan ne, kuma abin da ke kawo su shi ne daɗewa ba hutu da wasa a wuri mai ƙunci. Na faɗi wannan domin kada ku ce ina tsoratad da ku fiye da kima.

Ni ma ban tsira ba. Na yi wasan dambe da yaran yayana wata ranar Lahadi, muna ta dariya har magariba. Ran Litinin ina da gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, malamar da za ta duba ni tana zaune a bayan aji da littafinta. Na ɗaga alli zan rubuta kwanan wata a saman allo, hannu ya ƙi tashi. Haka na yi darasin nan duka ina rubutu a ƙasan allo kamar 'yar aji ɗaya, yara na baya suna miƙa wuya. Ku 'yan makaranta masu jarrabawa a gaba, ku riƙe wannan. Hannun da za ki rubuta amsa da shi na sa'a uku ba na wasa da shi ba ne a daren jarrabawa.

To, ina maganar mai gwanjo cewa yara za su motsa jiki? A nan ne na fi so uwargida ta buɗe kunne, domin da wannan magana a ke shawo kan iyaye. An gwada, kuma sai an gwada a kan san na ƙwarai. A 2007 masana a birnin Libaful na Ingila su ka auna yara 11, 'yan shekara 13 zuwa 15, suna wasannin Wii. Su ka tarar lalle sun fi mai wasa a zaune ƙona ƙarfin jiki, amma ba su kai mai yin wasan na gaske ba, kuma bai isa a lissafta shi cikin motsa jikin da yaro ke bukata kullum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar minti 60 na motsa jiki sosai a kowace rana. Sa'an nan a 2012 a ka buga sakamakon wani gwaji da a ka yi a birnin Hustan na Amurka, wanda ya fi kama da abin da ke faruwa a gida. An ba yara 78, 'yan shekara 9 zuwa 12, akwatin Wii su tafi da shi gida. Wasu a ka ba su wasannin tsalle da rawa, wasu a ka ba su na zama. A ka ɗaura wa kowa ɗan abin auna motsi a ƙugu, a ka bi su kimanin wata uku. Da a ka duba, masu wasannin tsalle ba su fi sauran motsi ba ko kaɗan.

Duk wadda ta yi renon yaro ba za ta yi mamakin wannan ba. Yaro ya fi na'ura wayo. Abin da ke cikin sandar Wii ta farko wani ɗan ƙaramin abu ne mai jin girgiza da karkata, bai san ko a tsaye ki ke ko a kwance ba, bai san ko duk hannu ki ka kaɗa ko wuyan hannu kawai ba. Kafin mako ya zagayo ɗan yayana ya gane cewa in ya kishingiɗa a kujera ya ɗan fizgi wuyan hannunsa, bugun ya fi na mai tsalle sauri. Shi ke nan, motsa jiki ya ƙare. Yarinyar da ta yi 'yar gala-gala ko tsallen igiya a tsakar gida da la'asar, ko ta taya uwarta daka, ta fi shi motsi nesa ba kusa ba, kuma ba a biya ko kwabo ba.

Wannan rashin ganewa na na'ura shi ne kuma ke kawo ɓacin rai a cikin wasan kansa. Maɓalli abu biyu ya sani, an danna ko ba a danna ba. Motsin hannu kuwa sai na'ura ta yi ta kintace: wannan sara ne, ko suka, ko kuwa mai wasa ƙuda ya kora? Sau da yawa ta kan yi kuskure, yaro ya faɗi wasa ba da laifinsa ba, sai kuka da jifa da sanda. Kamfanin Nintendo ya san da haka, shi ya sa a 2009 ya fitar da wani ƙari mai suna MotionPlus da a ke maƙalawa a gindin sandar domin ta riƙa jin juyin hannu sosai. Watau wanda ya riga ya saya sai ya sake sa hannu a aljihu, kuma ko da shi ɗin, a kan tsai da wasa lokaci lokaci a ajiye sandar a kan tebur ta daidaita. Kinect kuma yana da ɗan jinkiri tsakanin motsinki da motsin hoto, domin sai kyamara ta ɗauka, na'ura ta lissafta ina hannu ina ƙafa, sa'an nan ta nuna.

Haske ma yana rikita su. Wii yana da wata siririyar sanda da a ke ɗorawa a kan talabijin, mai ƙananan fitilu masu irin hasken da idon mutum ba ya gani, da su sandar hannu ke gane inda talabijin ya ke. Rana tana da irin wannan haske, wutar kyandir ma haka, har masu wasa sun gano cewa in a ka kunna kyandir biyu a gaban talabijin za su iya maye gurbin fitilun. Abin dariya ne, amma ma'anarsa ita ce taga a buɗe da hantsi ta isa ta sa alamar da ke cikin talabijin ta yi ta rawa. Ga kuma wadda ta shafe mu mata musamman: masu Kinect sun gargaɗi mutane kada su sa tufafi masu yalwa, domin kyamara tana neman siffar hannu da ƙafa ne. Mai zane da mayafi, ko hijabi har ƙasa, ko maigida da babbar riga, na'ura ba ta ganin gwiwa balle ta bi ta. A fili ya ke waɗanda su ka ƙera abin ba da irin shigarmu su ka auna shi ba.

Akwai kuma waɗanda irin wannan wasa ya bari a baya. Yaron da shan inna ya taɓa, ko mai ciwon da ba ya iya tsayuwa ko ɗaga hannu, yana iya wasa da maɓalli ya ci 'yan'uwansa, amma in an ce sai an yi tsalle, ya zama ɗan kallo. Har bahagwai abin ya taɓa. Akwai wani shahararren wasa mai suna Zelda, jaruminsa bahago ne tun asali. Da za a kawo shi Wii a 2006, sai kamfanin ya juya hoton wasan duka kamar a madubi domin takobi ya koma hannun dama, tun da yawancin masu riƙe sanda da dama su ke riƙewa. Wani wasan Zelda na 2011 ba a iya yinsa sai da kaɗa hannu. Da a ka sake fitar da shi a 2021, sai a ka ƙara masa hanyar yi da maɓalli.

Batir ma kada a manta, kowace sandar Wii tana cin guda biyu, yara uku kuwa ba za su yarda da sanda ɗaya ba.

Abu guda kuma da na ke so matan aure su yi tunani a kai. Kinect kyamara ce da abin ɗaukar magana, a tsakiyar ɗaki, inda mace ke zama ba lulluɓi. A 2013 da Microsoft zai fitar da sabon akwatinsa Xbox One, da fari ya ce tilas a bar Kinect a haɗe kafin akwatin ya yi aiki. Mutane a Amurka da Turai su ka yi ca, su ka ce ba su yarda da ido da kunne a falonsu dare da rana ba, har kamfanin ya janye maganar kafin a fara sayarwa. Duk da haka ya haɗa su a kwali ɗaya a kan dala 499, alhali abokin gasarsa PlayStation 4 yana dala 399. A 2014 ya raba su domin farashi ya sauka, a 2017 kuma ya daina ƙera Kinect na wasa.

Wannan ya kawo mu ga kayan da mai gwanjo ke son sayar wa maigidanki. Wii na asali an daina ƙera shi tun 2013, an rufe hanyar wasansa ta intanet a 2014, shagonsa na sayen wasanni ta intanet an rufe shi a 2019, kamfanin kuma ya daina karɓar gyaransa a Japan a 2020. Duk wanda za ki gani a kasuwa yau tsoho ne, ya sha hannu, sau da yawa ba igiya ba rigar roba. In siririyar sandar fitilun ta mutu, ko kyamara ta lalace, sai ku shiga yawon neman wata tsohuwar. Ba wai motsi ya ɓace daga wasanni ba ne. Akwatin Switch da Nintendo ya fitar a 2017 yana da shi, har da wasannin motsa jiki irin na da, amma a yawancin wasanninsa an mai da motsi ɗan taimako ne kawai, kamar karkata hannu kaɗan domin saiti, kuma a kan iya kashe shi.

Saboda haka amsata gare ki, 'yar'uwa, ita ce kada a taɓa kuɗin makarantar yarinya domin wannan. In daga baya Allah ya hore wani kuɗi dabam, maigida kuma ya nace, to ki sa a gwada akwatin a gabansa kafin ya biya, a tabbata kowace sanda tana da igiya mai kauri da rigarta. A gida ki zaɓi wurin da ba fanka a ƙasa ƙasa, ba tangaran kusa, ki ɗaura wa kowane yaro igiyar da hannunki, ki ajiye agogo, in an yi rabin sa'a a tsaya a huta. Mai rarrafe da mai tatata su kasance a bayanki ko a wani ɗaki. Yaron da ya ce kafaɗa ko gwiwar hannu na yi masa ciwo, ya bar wasan har ya warke, in ya wuce kwana biyu ko wurin ya kumbura a kai shi asibiti.

Wadda ke da irin wannan akwati a gidanta, ta rubuto mana yadda ta ke fama da shi, musamman in ta sami dabarar da dokarta ta wuce kwana uku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.